Kafin Ki Nema Wa Ɗanki Biza, Ki Tuna Da Gidan Kakarsa

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da mahaifiyar wani ɗalibina ta kawo mini har makaranta, ranar wata Asabar bayan an tashi daga karatun safe.

Ta zo da waya a hannu, ta ce, "Malama, don Allah duba min wannan abin, yaron nan ya hana ni sakat." Na karɓa na duba. Talla ce ta wani kamfani a ƙasar waje da ke kwasar yara masu shekara 15 zuwa 18 a lokacin hutu, ya kai su ƙauye a wata ƙasa su yi mako biyu ko uku. Za su kwana a gidajen mutanen ƙauyen, su ci irin abincinsu, su taya su dashen itatuwa da gyaran muhalli, a ƙarshe a ba su takardar shaida. Kuɗin kuwa dubban daloli ne, ban da na jirgi. Yaron ya dage shi ma sai ya je, wai takardar tana taimakawa wajen neman jami'a a waje. Uban ya ce ko da wasa. Ita kuma ta rasa yadda za ta yi, domin ta ga abin alheri yake so, ba ta son ta kashe masa gwiwa.

Na ce, "Hajiya, ina ne garin babansa?" Ta ce wani ƙauye ne a ƙasar Makoda. Na ce, "Yaushe rabonsa da can?" Ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce tun rasuwar kakansa, shekara shida ke nan, kuma ko a ranar ma bai kwana ba.

Daga ina wannan al'ada ta fito?

Kada ki ɗauka sabon abu ne. A 1958 wani Bature ɗan Ingila mai suna Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO, kuma waɗanda suka fara turawa samari ne da suka gama sakandare, 'yan kimanin shekara 18. Nijeriya na cikin ƙasashen da aka fara kawo su. A 1961 Amurka ta kafa tata mai suna Peace Corps a zamanin Shugaba Kennedy, kuma da yawa daga cikin iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1960 sun yi karatu a hannun irin waɗannan malamai. A Nijar sun zauna cikin ƙauyuka tun 1962 har zuwa 2011 da aka kwashe su saboda matsalar tsaro, wasunsu sun koma gida da Hausa a baki kamar jakin Kano. Bautar ƙasa da aka soma a nan a 1973 ita ma tunanin ke nan: a ɗauke matashi daga inda ya saba, a kai shi ya zauna da wasu mutane ya yi masu hidima.

Sai dai akwai bambanci. Waɗancan shekara guda ko biyu suke yi. Abin da Hajiya ta nuna mini kuwa tafiya ce ta mako biyu, kuma kasuwanci ce. Mako biyu ba ya raya bishiya, iyayen da ke biyan kuɗin ma sun san haka. Abin da suke saya shi ne tarbiyyar ɗansu: ya rabu da katifa da na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗebo ruwa da hannunsa, ya ga yadda ake wahala kafin abinci ya zo kwano. Wannan manufa ba ni da ta cewa a kanta. Amma ke uwa Musulma kina da tambayoyin da tallar ba za ta amsa miki ba. Su wa ke tafiyar da shirin? Me yaro zai ci, ina zai yi salla, yaya kwanan maza da mata? In 'ya mace ce kuma, ga maganar muharrami. Ko da kuɗin suna nan jibge, waɗannan sun isa su sa ki dakata.

To, abin da nake so mu duba shi ne, duk abin da ake zuwa nema a can yana nan tafiyar awa ɗaya ko biyu daga ƙofar gidanki.

Ƙasar da muke rainawa

Ki hau mota daga Kano a watan Agusta, ki bi hanyar Ɗambatta ko ta Bichi, ki zuba ido ta taga. Gona manne da gona, babu daji, babu saura. Gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a ƙarƙashinsu, ga kuma bishiyoyi tsaye jefi-jefi a tsakiyar gonakin. Mu da muka saba gani ba ma ɗaukarsa komai. Amma wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin wannan yanki, domin abin ya ba masana mamaki. A lissafinsu, inda mutane suka yi yawa haka, kuma ake noma gona kowace shekara ba hutu, ya kamata a ce ƙasa ta mutu, itatuwa sun ƙare. Shi kuwa ya tarar manoman Kano suna riƙe da ƙasarsu da bishiyoyinsu, har bayan farin da aka yi a 1973 da 1984.

Ta yaya? Ba da wani sirri ba, da aiki ne. Dabbobi na turke da damina, ana tara takinsu. Da rani a kwashe shi tare da toka da sharar gida, a loda a mangala, jaki ya kai gona, a zuba tsibi-tsibi. A da har daga cikin birni jakuna ke fitar da taki zuwa gonakin da ke kewaye. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki don dabbobi, karan dawa ya zama danga da makamashi. Dabba ta ci daga gona, ta mayar wa gona. Kuma kowace bishiya da kika gani tana da mai ita, wani ne ya bar ta da gangan tun tana tsiro, ya kare ta shekara da shekaru.

Ɗauki gawo. Shi kaɗai ne yake yin nasa daban: idan damina ta sauka, sauran itatuwa suna fitar da ganye, shi kuma ya zubar da nasa. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki a daidai lokacin da shuka ke bukata. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki, su ci 'ya'yansa. Shi ya sa geron da ke gindin gawo yakan fi na gefe kyau. Ɗorawa kuma kin san ta a tukunyarki: kalwarta ce daddawa, garinta yara su sha. Kuka ta ba ki miya, tsamiya ta ba ki kunu, ga kanya da aduwa da magarya da ɗinya da goriba. Na taɓa tambayar ajina na 'yan shekara 14 zuwa 16, wa zai iya gaya mini daga wace bishiya daddawa take fitowa. Wata ta ce ai a leda ake sayo ta. Muka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai.

Ban ce komai lafiya lau yake a can ba. Gado yana ta tsattsaga gonaki, filaye na cinye na kusa da birni ta wajen Ungogo da Dawakin Tofa, samari sun taho birni tuƙin Adaidaita Sahu. Tsofaffin ɗorawoyi suna faɗuwa, kuma a gonaki da yawa ba za ki ga ƙananan da za su gaje su ba. Gawayin da ni da ke muke saya buhu-buhu duk lokacin da iskar gas ta yi tsada, bishiya ce aka sare a wani wuri. Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. Ta dasa shingayen itatuwan turare a wajejen Ɗambatta don tare iska, sannan ga shirin katangar itatuwa ta Afirka da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Kano ke cikin jihohi 11 da ya shafa a ƙasar nan, har aka kafa masa hukuma a 2015. Amma ko a shingayen turaren nan, bincike ya nuna saiwoyinsu suna shanye damshin geron da ke dab da su. Manomin da ke gefen shingen ya riga masu binciken sani, ba a dai tambaye shi ba ne.

Kuskuren da na yi

Ba na so ki ɗauka ni gwana ce. Shekarar farko da na kai ɗalibaina ƙauyenmu aikin dashe, mun tafi da dashe 40, yawanci mangwaro da darbejiya, muka sa riguna iri ɗaya, muka jera su a bakin hanya, aka ɗauki hotuna, muka dawo gida kafin magariba muna jin mun yi abin kirki. Gwaggona tana zaune a zaure tana kallonmu, abin da ta ce kawai, "'Yar nan, wa zai ba su ruwa?" Na ce ai damina ce, Gwaggo. Ta ce, "To, Allah ya raya."

Da na koma a watan Afrilu, guda 3 na tarar. Awaki sun cinye wasu tun bayan girbi da aka saki dabbobi, gara ta ci wasu, sauran rani ya ƙone su. Ukun da suka rayu kuwa su ne waɗanda suka faɗo kusa da gidan wani dattijo, ya kewaye su da ƙaya, jikokinsa suna zuba masu ruwan alwala. A nan na gane cewa mun dasa su ne a ƙasar da ba ta kowa ba, don haka ba su zama na kowa ba. Damina a ƙasarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin su ne jarrabawar dashe, kuma a lokacin masu riguna iri ɗaya suna birni.

Ba ni kaɗai na taɓa faɗawa wannan rami ba. Wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda wata ƙungiyar mishan ta kawo yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980, ya yi ta rabon dashe, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara wajen sharar gona ba ciyawa ba ce, tohon kututturen bishiyoyi ne masu rai, da saiwoyinsu a zurfin ƙasa. Maimakon a sayo dashe, sai manomi ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, ya sassabe sauran, ya kare waɗanda ya bari. Da yake saiwar ta riga ta kai ga damshi, ba ya bukatar ban ruwa. Mutanen can suka sa masa suna sassabin zamani. Manoma suka riƙa koya wa juna, har aka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da bishiyoyi kusan miliyan 200. Abin lura a nan, baƙon bai ci nasara ba sai da ya daina kawo nasa, ya sunkuya ya dubi abin da ke cikin gonar mutane. Kuma aikin kansa manoman ne suka yi.

Yadda za ki shirya tafiyar

Dogon hutun makaranta yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina ke nan, lokacin da ƙasa ta jiƙu kuma dashe ya fi kamawa. Ki fara shawara da maigida, domin galibi danginsa ne, shi zai yi magana da wanda zai karɓi yaron. Kwana 10 zuwa mako biyu ya isa a karon farko. Wadda ba ta da dangi a ƙauye, kada ta tura ɗanta gidan da ba ta sani ba. Ta haɗa kai da maƙwabciya ko aminiya mai dangi a can, ko makarantar Islamiyyarsu ta shirya, a bi ta hannun dagaci ko mai unguwa.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina. Ki tambayi mutanen garin halin da ake ciki a makon tafiyar, ba labarin bara ba. In akwai shakka, a fasa, ko a zaɓi wani wuri. Sannan damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, ki sa masa gidan sauro a jaka, da takalmi mai rufi saboda ƙaya da maciji.

Ga wani abu da 'yan birni ke mantawa. Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Mutanen karkara ba za su taɓa gaya miki baƙonki ya yi masu nauyi ba, za su yanka masa kazar da suke tattali, su yi shiru. Saboda haka kada ya tafi hannu rabbana. Ki haɗa masa hatsi ko shinkafa, mai, sukari, sabulu, a kai wa uwar gidan a matsayin tsaraba, ba a matsayin kuɗin abinci ba, don kada a ji kunya. Amma kada ki cika masa jaka da taliya da madara na shi kaɗai. Abin da aka tuƙa shi zai ci, tuwon dawa ne miyar kuka, ɗanwake ne, kwaɗon rama ne.

Kafin ya tafi ki zaunar da shi. Ki gaya masa ɗalibi ne zai je, ba malami ba. Ya durƙusa ya gai da manya, kada ya yatsine fuska a kan ruwa ko banɗaki, kada kalmar "ƙauyanci" ta fito daga bakinsa. Waya kuma, in so samu ne ta zauna a gida. In ya tafi da ita, kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini, balle matan aure a cikin gidajensu, balle ya ɗora yaran mutane a Facebook ko TikTok da tsummokaran gona yana neman a yaba masa. Wannan cin mutunci ne, ko da bai nufa ba.

Aikin da zai yi, masu gida ne za su faɗa. Mu ai muna da sunan aikin sa kai tun kafin Bature ya zo: gayya. Ya bi sa'o'insa gona, ya koyi riƙon fartanya, ya yi wa dabbobi yankan ciyawa. Ya bi wani dattijo ya nuna masa tohon gawo da na kalgo da na sabara, da wanda ake bari da wanda ake cirewa. Ya tara yaran gida su tsince ledojin da ke watse a gari, domin akuya tana haɗiye leda ta toshe mata ciki har ta mutu. Da yamma ya taya ƙannensa karatu, a nan shi ma yana da abin bayarwa.

In za a yi dashe, a yi kaɗan. Biyar da za su rayu sun fi hamsin na hoto. Kowane dashe ya zama yana da mai shi tun kafin a haƙa rami, kuma mai shi ne zai zaɓi irin da yake so da inda za a sa. Kada yaro ya dasa komai a gonar wani ba izini, musamman gonar aro ko ta jingina, domin a al'adarmu dasa bishiya kamar kafa hujjar mallaka ne, yana iya tayar da rigimar da za ta fi bishiyar daɗewa. A haƙa rami mai faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar a hankali kada ƙasar saiwar ta warwatse, a bar ɗan kwari a gindi don ya riƙe ruwa, a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando a ranar, ba gobe ba. Ki tuna masa hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito game da ladan shuka, inda aka ɗora ladan a kan abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka amfana da shi. Dashen da ya mutu a watan Maris babu wanda ya amfana da shi.

'Ya mace fa? Ni ina ganin ita ta fi samun riba, in dai mahaifinta ko yayanta ne ya kai ta, ta sauka a ɗakin gwaggonta ko kakarta. Ilimin itatuwan nan rabinsa a hannun mata yake, a cikin gida. Su suka san yadda ake dafa kalwa a wanke ta a rufe har ta zama daddawa, yadda ake shanya ganyen kuka a inuwa don kada ya yi ja, wane itace ne ke hayaƙi, wane ne ke ci a hankali. Tsofaffin da suka iya suna ta tafiya, Allah ya jiƙansu, kuma babu wanda ke rubutawa. Ki ba ta littafi da biro. Ta kuma dasa zogale a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, shi ba ya wuya, kafin shekara ta zagayo an fara tsinkar ganyensa.

Hajiya dai ta yi magana da maigidanta, ya amince, har ya ji daɗi, ya ce shi ma kunyar 'yan'uwansa yake ji. Yaron ya tafi yana ƙunƙuni. Ya yi kwana 12 a gidan ƙanen babansa, ya dawo ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta, ya kuma kwanta zazzaɓi na kwana uku don ya ƙi shiga gidan sauro saboda zafi. Dashe 6 suka yi, tsamiya biyu da mangwaro huɗu, duk a cikin gida da bayan danga. Ban ce ya canza hali ba, har yanzu yana maganar tafiya waje. Amma ranar da ya dawo makaranta ya tsaya a bakin ofis ya ce, "Malama, kin san gawo da damina yake zubar da ganye?" Na ce ban sani ba, gaya mini.

Kwanakin baya baffan nasa ya aiko cewa akuya ta ture kwando ta cinye mangwaro ɗaya, saura biyar. Uban ya ce idan an yi hutun zango na biyu zai sake kai shi, lokacin ana tsakiyar zafi, rijiya ta yi ƙasa, ya je ya karɓi 'yan'uwansa jan guga.